Bayan “An Sauka Lafiya”: Ƙafafun Ƙananan Jirage da Tambayoyin da Ake Tsallakewa

Da safiyar Lahadi, 14 ga Disamban 2025, wani ƙaramin jirgin alfarma ƙirar Hawker 800XP ya taso daga Abuja ya nufi Kano. Da ya kusanto Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano, sai matuƙansa suka ga alamar da ke nuna halin ƙafafun jirgin ba ta ba su amsar da suke jira ba. Suka sanar da hasumiya, suka nemi izinin ratsawa ƙasa-ƙasa ta saman titin jirgi domin ma'aikata su duba musu da ido. Sun yi haka fiye da sau ɗaya, kuma kowane karo ana tabbatar musu cewa ƙafafun uku duk sun fito. Jirgin ya sauka, ya fara gudu a kan titi, sai ƙafar gaba ta durƙushe, hancinsa ya dafe ƙasa. Duk waɗanda ke ciki sun fito da ransu.

Kafin la'asar hotunan sun gama zagaya Facebook da WhatsApp, kowa yana rubuta “Allah ya kiyaye gaba”. Bayan kwana biyu maganar ta kwanta. Haka aka yi ƙasa da shekara guda kafin nan, a daren 28 ga Janairun 2025, lokacin da ƙafar gaban wani Boeing 737 na kamfanin Max Air ta durƙushe a wannan filin dai, har aka dakatar da zirga-zirgar cikin gida ta kamfanin na wata uku.

Godiya ga Allah a kan tsira wajibi ce. Matsalar ita ce a wurinmu godiyar takan zama rufe magana. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, muguwar dira da karyewar ƙafar jirgi su ne gargaɗi mafi arha da harkar sufurin sama ke bayarwa, domin yawanci ƙarfe suke ci, ba sa cin rai. Wanda ya ƙi karanta gargaɗi mai arha, wata rana zai sayi mai tsada. Kuma a ƙananan jirage masu zaman kansu, raunin da ya fi kowanne girma yana tsakanin matuƙi da mai gidansa, sannan yana cikin takardun da ba wanda ke tambaya.

Ina ruwan biri da gada?

Mai karatu a Tambuwal ko Kebbe yana da hujjar yin wannan tambaya. Babu filin jirgin sama a ƙananan hukumomin biyu. Mafi kusa su ne na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato, kusan kilomita 100 daga garin Tambuwal, da na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa kusa da Birnin Kebbi. Manomin Kuchi ko ɗan kasuwar Dogon Daji bai taɓa tunanin shatar jirgi ba.

Sai dai jirgin yana zuwa inda suke. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ita ce ta fitar da Aminu Waziri Tambuwal, Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, gwamna daga 2015 zuwa 2023, kuma sanatan Sakkwato ta Kudu bayan nan. Yankin da ya fitar da manya ba ya rabuwa da manyan baƙi, ko na ɗaurin aure, ko na ta'aziyya, ko na yaƙin neman zaɓe. Rashin tsaro a hanyoyin Arewa maso Yamma ya kori masu hali daga kwalta zuwa sama, kuma ga zaɓen 2027 yana ƙaratowa. Baƙon da ba ya son bin hanyar Sakkwato zuwa Jega zai sauka da ƙaramin jirgi a babban fili, ko ya zo da mai saukar ungulu ya dira a filin ƙwallon makaranta, inda yara da matasa za su yi dafifi suna kallo. Idan wani abu ya karye, fiffiken da ke juyawa ba ya tantance baƙo da ɗan gari.

Akwai kuma ƙananan jiragen da ke feshin tsuntsayen janbaki a jihohin Sakkwato da Kabi da Zamfara idan shinkafa da gero sun fara nuna. Jirgin feshi da ya kwanta saboda karyayyar ƙafa a makon da garken janbaki ya sauka, asarar manomi ce kai tsaye. Sannan filin Sakkwato titi ɗaya gare shi. Ƙaramin jirgi ɗaya da ya durƙushe a tsakiyarsa ya isa ya tsayar da jirgin fasinja, da na alhazai, da na majinyacin da ake son fitarwa cikin gaggawa, har sai an janye shi.

Sakkwatawa kuma ba sa buƙatar a koya musu tsadar haɗarin sama. Ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin kamfanin ADC da ya taso daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi Maccido da Sanata Sule Yari Gandi. Wancan haɗarin tashi ne, amma bincike ya danganta shi da shawarar tashi cikin mummunan yanayi da yadda aka tunkari sauyin iska. Shawara ce ta mutum a gaban yanayi, kuma ita ce dai jigon abin da za mu duba a nan.

Abin da ƙafar jirgi ke ɗauka

Jirgi mai sauka yana ɗauke da gudu iri biyu. Akwai gudun gaba, wanda birki da tsawon titi ke cinyewa a hankali. Akwai gudun gangarowa, wanda ƙafafu ne kaɗai za su shanye shi cikin ƙiftawar ido. A sauka mai kyau, jirgi kan taɓa ƙasa yana gangarowa da abin da bai kai mita ɗaya ba a daƙiƙa. Ƙa'idar ƙera jiragen fasinja a Amurka da Turai ta tanadi cewa ƙafafu su jure gangarowar kimanin mita 3 a daƙiƙa idan jirgin yana kan iyakar nauyin da aka yarda ya sauka da shi, kuma ta ƙananan jirage ba ta yi nisa da haka ba. Mita 3 a daƙiƙa shi ne gudun da abu ke kaiwa idan an sake shi daga tsayin kusan rabin mita. Kamar ba komai ba ne, sai an tuna cewa jirgi irin Hawker ya kai tan goma.

Lissafin kuma ba na ɗaya bisa ɗaya ba ne. Idan gudun gangarowa ya ninka biyu, ƙarfin da ƙafa za ta shanye yakan ninka huɗu. Idan ya ninka uku, ya zama tara. Shi ya sa tazarar da ke tsakanin saukar da fasinja ya ɗan ji a ƙugunsa da wadda ta tsaga ƙarfe ba ta da faɗi.

Yawancin jirage suna da shokazoba a kowace ƙafa, wato bututu mai ɗauke da mai da iskar naitirojin. Idan taya ta bugi ƙasa, man yakan matsu ta wata ƙaramar kafa ya cinye ƙarfin bugun, iskar kuma ta riƙe nauyin. Ƙananan jirage da yawa kuwa, irin su Cessna 172, sandar ƙarfe ce mai lanƙwasa ta dawo. Tana da ƙarfi da sauƙin kulawa, amma tana mayar da abin da aka ba ta: in an buga ta da ƙasa, sai ta cilla jirgin sama.

A nan ƙafar gaba ke shiga uku. Ƙafafun baya biyu su ne aka gina domin karɓar sauka. Ta gaba tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin jirgi ko ɗan fiye, kuma babban aikinta juya jirgi a ƙasa. Matuƙin da ya zo da gudu fiye da kima, jirgi ya ƙi zama, ya tura hanci ƙasa domin ya tilasta masa, to ƙafar gaba ce za ta fara taɓawa. Sai hanci ya yi sama, ya sake dawowa da ƙarfin da ya fi na farko, jirgin ya shiga tsallen kwaɗo. A tsalle na biyu ko na uku ƙafar kan karye. Maganin da ake koya wa kowane ɗalibi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, da ma kowace makarantar tuƙi a duniya, guda ne: ƙara wuta, fasa saukar, ka zagayo.

Jiragen da ke naɗe ƙafafunsu bayan tashi suna da ƙarin damuwa. Fitowar ƙafa daban, kullewarta daban. Akwai sakata da ke riƙe ta a miƙe, da ɗan makunni da ke aika saƙo zuwa ɗakin matuƙa, inda fitilu uku kore ke shaida cewa kowace ƙafa ta fito ta kullu. Mutumin da ke hasumiya zai iya ganin taya a waje, amma idonsa ba ya kai wa ga sakata. Abubuwan da ke hana ta kamawa sanannu ne ga injiniyoyi: yoyon man haidirolik, tsatsa, rashin girisi, ƙurar da ta cakuɗa da girisi ta zama kamar sanfefa, saitin da bai yi daidai ba bayan gyara, ko ja da tarakta da ya murɗe ƙafar gaba fiye da iyakarta. Wani lokaci kuma komai lafiya lau, matuƙi ne ya manta bai saukar da ƙafar ba. Tantance abin da ya faru a Kano aikin hukumar bincike ta NSIB ne. Abin da jerin ke nunawa shi ne kusan kowanne daga cikinsu yana da ranar da za a iya gano shi a ƙasa kafin ya bayyana a sama.

Zafi, hazo da ƙura

Yanayin kudancin Sakkwato yana rage wa matuƙi tazarar kuskure a kowane lokaci na shekara, kowanne da salonsa.

A bazara zafi ne. Iska mai zafi sirara ce, fiffike da inji ba sa samun abin kamawa sosai. Filin Sakkwato yana kan tudun kimanin mita 300 daga teku, inda ma'aunin da ake gina lissafin jirage a kansa ke ɗaukar zafi a matsayin digiri 13. Ranar da zafi ya kai digiri 43 a watan Afrilu, jirgi zai ji kamar yana kan tudun kusan mita 1,400, wanda ya zarce tudun filin jirgin Jos. Zai taɓa ƙasa da gudun da ya fi abin da agogonsa ke nunawa, zai ci titi mai tsawo kafin ya tsaya, kuma in ya so fasa sauka, injinsa ba zai ba shi ƙarfin da ya saba ba.

A hunturu hazo ne. Matuƙi yana auna tsayinsa a daƙiƙoƙin ƙarshe da ido, ta hanyar duban nesa da gefen titi. Idan hazo ya haɗe sama da ƙasa suka zama launi ɗaya, sai ya ɗaga hanci tun yana sama da yawa jirgi ya faɗo, ko ya makara ya shige ƙasa da gudu. A farkon damina kuma hadari ne mai tafe da guguwa a gabansa, iska ta juya cikin ɗan lokaci, ta janye wa fiffike abin da yake dogaro da shi.

Ga mai saukar ungulu, babbar abokiyar gaba ita ce ƙurar da shi da kansa ya tayar. Ranar 2 ga Fabrairun 2019 jirgin AW139 da ke ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya zo sauka a wani filin wasa a Kabba ta jihar Kogi. Yana dab da ƙasa ƙura ta turnuƙe, matuƙa suka daina ganin komai, jirgin ya dira da ƙarfi a kan ƙafar dama ya kife. Mutum 12 da ke ciki duk sun tsira. Rahoton masu bincike ya yi magana a kan salon saukar da bai dace da wuri mai ƙura ba, da ƙarancin shirya filin da auna haɗarinsa tun kafin zuwa. In hakan ta faru da mutum na biyu a ƙasa, a Kabba da ta fi mu ciyawa da danshi, mai karatu ya ƙiyasta filin makaranta a Kebbe cikin watan Fabrairu.

Idan ƙafa ta maƙale, ina hankali yake?

Tarihin sufurin sama ya nuna cewa matsalar ƙafa ita kaɗai ba kasafai take kisa ba. Ranar 1 ga Nuwamban 2011 wani Boeing 767 na kamfanin LOT ya sauka a Warso ta ƙasar Folan da cikinsa, babu ƙafa ko ɗaya a waje, kuma mutum 231 da ke ciki suka fita lafiya. Matuƙan sun san matsalar, sun shirya mata, motocin kashe gobara suna jira.

A ɗaya ɓangaren, ranar 29 ga Disamban 1972 jirgin kamfanin Eastern ya kusanto Mayami a Amurka, fitilar ƙafar gaba ta ƙi kamawa. Matuƙan suka duƙufa a kan fitilar, ba wanda ya lura jirgin yana gangarowa a cikin duhu, har ya faɗa fadama, mutum 101 suka mutu. Daga baya aka gano ƙafar ta fito ta kullu, ƙwan fitilar ne ya ƙone. A Karaci ta Fakistan kuma, ranar 22 ga Mayun 2020, wani Airbus A320 ya zo sauka yana sama da yawa kuma da gudu fiye da kima, matuƙan suka nace, suka goga injuna biyu a titi babu ƙafafu, suka sake tashi, injunan suka mutu. Mutum 97 daga cikin jirgin suka rasu.

Abin da ya raba Warso da Karaci shi ne hukuncin da aka yanke mintuna kafin taya ta taɓa ƙasa. Masana sun daɗe da sanya ma'auni: idan jirgi ya sauko zuwa kimanin mita 300 a cikin gajimare, ko mita 150 a sarari, kuma gudunsa ko saitinsa ko ƙafafunsa ba su daidaita ba, a fasa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Amma binciken gidauniyar Flight Safety Foundation ya gano cewa kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na irin waɗannan kusantowa marasa daidaito ke ƙarewa da fasa sauka. Sauran duk nacewa ake yi. Wannan a manyan kamfanoni ke nan, inda matuƙi yake da ƙungiya da dokar kamfani a bayansa.

Mai gida a kujerar baya

Yanzu a ɗauko wannan matuƙin a sa shi cikin ƙaramin jirgi, wanda ke biyansa albashi yana zaune taku uku a bayansa. An ce ɗaurin aure ƙarfe biyu, an baro Abuja a makare domin ana jiran wani babba. Hazo ya sauka, ko rana ta kusa faɗuwa. Matuƙin ya san abin da littafi ya ce. Ya kuma san cewa akwai matasa masu lasisi da yawa da ke zaune babu aiki, kuma a al'adarmu yaro ba ya ce wa mai gida “ba za a iya ba” a gaban baƙi. Kunya da ladabi kyawawan ɗabi'u ne a zaure. A ɗakin matuƙa, idan suka hana faɗin gaskiya, sukan zama sanadin ajali.

Wani lokaci ma mai gidan ne da kansa a kan sitiyari. Ranar 25 ga Oktoban 2012 gwamnan Taraba, Danbaba Suntai, ya tuƙa jirgi ƙirar Cessna Caravan daga Jalingo zuwa Yola, ya faɗi kafin ya kai filin. Bai sake komawa daidai ba har rasuwarsa a 2017. Rahoton masu bincike ya ce ba shi da cancantar tuƙa wannan nau'in jirgi, kuma ya ci gaba da tafiyar da ta dogara da gani da ido bayan faɗuwar rana, sannan ya ɗora wa hukumar sa ido nata kason. Tambayar da rahoton ya bar mana ita ce, a duk ma'aikatan da suka ga gwamna ya hau kujerar matuƙi a wannan yammaci, wa ke da bakin hana shi?

Kabu-kabun sama

Dokar Nijeriya ta raba masu ƙananan jirage gida biyu. Mai son ɗaukar fasinja don kuɗi dole ya mallaki takardar da ake kira AOC, wadda ke zuwa da sharuɗɗa masu nauyi a kan horar da matuƙa, awoyin hutunsu, tsarin gyara da binciken hukuma akai-akai. Mai jirgin kansa kuwa izinin PNCF yake karɓa, wanda ya fi sauƙi, bisa sharaɗin ba zai yi haya da shi ba. Abin da ke faruwa kowa a harkar ya san shi: a karɓi izinin gida, a riƙa ɗaukar shata a ɓoye. Kabu-kabu ke nan, sai dai wannan a sama ake yin sa.

Ranar 3 ga Nuwamban 2023 da dare, wani Hawker 800XP da ke ɗauke da Ministan Lantarki Adebayo Adelabu ya dira kafin ya kai bakin titi a Ibadan, ya kauce ya shiga ciyawa. Rahoton farko na NSIB ya nuna cewa izinin kamfanin na zirga-zirgar da ba ta kasuwanci ba ne. A 2024 hukumar NCAA ta dakatar da izinin wasu masu irin wannan takarda, Ministan Sufurin Sama Festus Keyamo kuma ya kafa kwamiti a kan shatar da ba ta bisa ƙa'ida. Idan minista zai iya samun kansa a irin wannan jirgi, to ɗan kasuwar da aka haɗa shi da dillali ta waya bai fi shi kariya ba. Kuma ranar da abu ya faru, kamfanin inshora zai fara duba ko an yi amfani da jirgin bisa sharaɗin da aka yi masa rajista.

Tsagar da ba a rubuta ba

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi tayar da hankali. Littafin kowane jirgi ya tanadi binciken da za a yi bayan muguwar dira: a duba ƙafa, da inda ta haɗu da fiffike ko gangar jiki, a nemi lanƙwasa da tsaga, wani lokaci da na'urar da ke gano abin da ido ba ya gani. Manyan jiragen fasinja suna da na'urorin da ke auna ƙarfin kowace sauka, ko matuƙi ya faɗa ko bai faɗa ba. Ƙananan jirage da yawa ba su da wannan tsari. Shaidar kaɗai ita ce alƙalamin matuƙi.

To me zai sa ya rubuta? In ya rubuta, jirgi zai kwanta, mai gida zai yi fushi, za a kira injiniya, za a sayo kayan gyara da dala. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, dalar da ake samu a ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a cikin 2024. Duk wani kusoshi da roba sun ninka, jarabar ɗage gyara ta ƙaru. In kuwa ya yi shiru, jirgi zai tashi gobe kamar ba abin da ya faru. Tsagar tana nan, tana ƙara tsawo kaɗan-kaɗan a kowace sauka, har wata rana ƙafar ta karye a hannun wani matuƙi da ya yi sauka mai laushi, a ce tsautsayi ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon an san ranar da ya tsage.

Akwai masu cewa tsananta doka zai kashe ƙaramar harkar da Arewa ke buƙata. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Yanki mai faɗi kamar namu yana buƙatar jiragen feshi, da na ɗaukar majinyata, da na horar da matasa, kuma yawan haraji da jan ƙafa wajen ba da takardu suna cikin abubuwan da ke tura mutane bayan fage. Hukunci shi kaɗai ma yana ƙara ɓoyo, domin matuƙin da ya san za a kore shi in ya faɗi gaskiya ba zai faɗa ba. Amurka ta gane haka tun 1976, ta kafa tsarin da matuƙa ke kai rahoton kurakuransu a asirce ga hukumar NASA, wadda ba ita ke hukunta su ba. Ƙa'idar ICAO ta binciken haɗari ma ta ce manufar bincike hana maimaituwa ce, ba neman mai laifi ba. Saboda haka gyaran yana da hannu biyu: a sauƙaƙa wa mai son bin ƙa'ida, a kare mai faɗin kuskurensa, sannan a tsananta wa mai ɓoyewa da mai kabu-kabu.

Wa zai yi me?

Da yawa daga masu karanta wannan shafi su ne ke shirya tafiyar manya: sakatarori, jami'an tsare-tsare, akantoci, ’ya’ya da ƙannen masu gida. Kafin ku biya kuɗin shata, ku nemi ganin takardar AOC da sunan kamfanin da lambar jirgin, ku nemi takardar inshora. Ku tsara tafiya yadda za a sauka da sauran rana, ku bar sararin da za a iya jinkirtawa ko a juya zuwa Birnin Kebbi idan Sakkwato ta rufe. Mafi muhimmanci, mai gida ya faɗa wa matuƙinsa da bakinsa, tun kafin a rufe ƙofa, cewa fasa sauka ko juyawa ba zai taɓa jawo masa ko da harara ba. Wannan jimla ɗaya ba ta cin ko kwabo.

Shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe kada su jira ranar da aka bugo waya cewa baƙo yana sama. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ware fili ɗaya sananne a kowane babban gari, mai nisa da wayoyin lantarki da turakun sadarwa, a san mai jiƙa shi da ruwa kafin sauka, a san inda jama'a za su tsaya da mai tsayar da su, a ajiye motar asibiti da abin kashe wuta. A tuna cewa wanda ya samu mummunan rauni a Kebbe, tafiyar awoyi ce tsakaninsa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Wakilan yankin a Majalisar Tarayya suna da damar tambayar ko NSIB, wadda dokar 2022 ta ɗora mata binciken haɗurran sama da na jirgin ƙasa da na ruwa, tana samun kuɗin da ya kai girman aikin, da kuma ko ana aiwatar da shawarwarinta. Ƙa'idar duniya ta ce a fitar da rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma cikin shekara guda in ya yiwu. Kafafen yaɗa labarai na Hausa su riƙe waɗannan ranaku kamar yadda suke riƙe ranar zaman kotu, su koma su karanto wa jama'a abin da aka gano. Ita ma hukumar babu abin da zai hana ta fitar da taƙaitaccen bayani da Hausa a kan abin da ya faru a Kano ko Sakkwato.

A farkon Nuwamban 1925 jiragen sojan Ingila uku ƙirar DH.9A suka taso daga Masar suka sauka a Kano, a filin dawaki, babu kwalta babu hasumiya. Shekara ɗari bayan haka muna da tituna da na'urori da hukumomi da dokoki. Abin da ya rage shi ne ɗabi'ar tambaya bayan an tsira. Ƙaddara gaskiya ce, kuma malamanmu sun koya mana cewa tawakkali yana tafiya ne tare da ɗaure raƙumi. Idan aka ce an sauka lafiya, mu yi hamdala, sannan mu tambayi wa ya duba ƙafar kafin jirgin ya sake tashi.